Masu Kallon Tsuntsaye a Gonakinmu: Ladabin Baƙo da Haƙƙin Mai Gida

Gabatarwa

Malam manomi, wata rana kana iya yin sammakon zuwa gona ka tarar da mota a gefen hanya, ga mutum uku ko huɗu tsaye a bakin kunya. Kowa ya rataya madubin hangen nesa a wuya, wani yana riƙe da kyamara mai dogon baki, wani yana rubutu a waya, duk sun ɗaga kai sun ƙura wa wata tsamiya ido. In ka tambaye su abin da ya kawo su, sai su ce maka tsuntsu suke kallo.

Wannan amsa takan ɗaure wa mutanen karkara kai, domin ba a saba ganin mutum ya ƙona mai ya baro birni saboda tsuntsun da ba zai kama ba, ba zai ci ba. Daga nan zargi kan shigo. Wani ya ce masu awon fili ne gwamnati za ta karɓe gonaki, wani ya ce masu neman ma'adinai ne, wani kuma ya ce 'yan leƙen asirin ɓarayi ne. A wannan zamani da tsaro ya yi ƙaranci a wurare da dama, irin wannan zargi yana iya kai wa ga asarar rai. Su kuma baƙin, wani lokaci su ne da laifi, domin sukan faɗa gonar mutum ba sallama, su tattaka shuka, ko su juya madubinsu wajen gidajen da iyali ke ciki.

An shirya wannan bayani domin manoma da malaman gona su san ko su wane ne waɗannan baƙi, abin da ya wajaba a kansu, da kuma abin da ya kamata mai gona ya yi idan sun zo.

Su wane ne, kuma me suke nema?

Nijeriya tana da tsuntsaye iri fiye da 900, kuma masana sun ware wurare 27 a ƙasar a matsayin muhimman matattarar tsuntsaye. Da yawa daga waɗannan wurare gonaki ne da fadamu da ƙauyuka suka kewaye su.

Babban misali shi ne dausayin Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are ke malala a jihohin Jigawa da Yobe. Ban da tsuntsayen gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe, akwai agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da ke tasowa daga Turai da Asiya su ƙetare Sahara su yi hunturu a can. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a 2008 kuma aka ƙara Baturiya da Dagona. Cikin watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama, wato daidai lokacin da manomin rani ke tsakiyar ban-ruwan alkama da albasa da tumatir. Shi ya sa mai ƙidaya da mai fangali sukan haɗu a fadama ɗaya.

A kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, wadda aka kafa a 2001 a dajin Amurum, gefen ƙauyen Laminga, da haɗin gwiwar Jami'ar Jos da mutanen ƙauyen. A duwatsun wannan yanki ake samun wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu wanda sai a 1998 masana suka tabbatar cewa iri ne na daban. A kudu maso yamma kuwa akwai malimbe na Ibadan, wani baƙin tsuntsu mai jan kai dangin masu saƙa sheƙa, wanda aka fara bayyana shi a 1958, kuma ba a samunsa ko'ina a duniya sai a wannan yanki. Ragowar kurmin da yake zaune a ciki yawanci tsakanin gonaki suke. A Boje ta jihar Kuros Riba kuma, dubun-dubatar tsattsewa daga Turai sukan kwana cikin dogayen ciyayi a gefen tsauni.

Tun daga 2015 ake gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da 9 faɗi, ana so a shiga kowane ɗaya a rubuta tsuntsayen da aka gani. Yawancin masu wannan aiki 'ya'yanmu ne, ɗalibai da malaman makarantu da 'yan ƙungiyoyin sa-kai. Saboda haka ko ƙauyenku ba ya kusa da wani sanannen daji, ba abin mamaki ba ne su iso ku.

Manomi yana da riba a wannan aiki. Balbela da shamuwa suna cin fara da tsutsa, mujiya tana rage ɓeraye, ungulu tana kawar da mushe kafin ya yaɗa cuta. Gauraka, wadda dattawa suka saba gani a fadamun arewa, yau ta kusan ɓacewa daga Nijeriya. Ƙidaya ce ke nuna wane tsuntsu ke raguwa tun kafin a neme shi a rasa.

Inda matsala take

Madubin hangen nesa da aka fi amfani da shi yana kusanto da abu sau 8 ko sau 10. Ma'ana, abin da ke nesa da mita 100 mai kallo zai gan shi kamar yana mita 10. Babban madubin da ake kafawa bisa ƙafa uku yana kaiwa sau 60. Ka tuna kuma yadda ginin gidajenmu yake: tsakar gida a buɗe take, makewayi sau da yawa ba rufi, katanga ko danga ko zana ita ce kaɗai sutura. An yi ta ne domin ta tsare idon mai wucewa a ƙasa. Wanda ya hau dutse ko tudu ko gada da irin wannan madubi ya riga ya shiga gida, ko da ƙafarsa ba ta taka zaure ba.

Tsuntsu kuma bai san iyakar gida ba. Yakan sauka a kan darbejiyar da ke tsakar gida, ko rumbu, ko bakin rijiya, ko mashayar da mata ke wanki da wanka. Mai kallon da zumuɗi ya kwashe shi yakan bi tsuntsun da madubi duk inda ya nufa, ya manta da mutanen da ke wurin. Shi a zuciyarsa tsuntsu yake kallo, amma mai gida ba shi da hanyar sanin haka. Abin da ya gani shi ne baƙon namiji ya auna gidansa.

Matsala ta biyu ita ce taro. Idan aka ga tsuntsun da ba a saba gani ba, labari yakan bazu ta waya cikin sa'o'i kaɗan, har da alamar daidai inda aka gan shi. Gonar da mutum biyu suka shiga jiya, gobe sai a ga mutum ashirin. Kunya ta rushe, fangali ya fashe, mota ta tare hanyar amalanke, mai gona kuwa ba wanda ya shawarce shi.

Ladubban da suka wajaba a kan baƙo

Malamin gona, kai ne sau da yawa za a fara nema domin ka san gari ka san mutane. Ga abubuwan da ya kamata ka gaya wa baƙi tun kafin su sauka daga mota.

1. A fara da masu gari. A je wurin dagaci ko mai unguwa, ko bulama ko lawani a ƙasar Barno da Yobe, ko bale a ƙasar Yarabawa. A nuna katin shaida da takardar makaranta ko ƙungiyar da ta aiko su, a faɗi yawansu, inda za su bi da lokacin da za su tafi. A sanar da 'yan sintiri da jami'an tsaron yankin. Idan wurin yana cikin gandun dajin gwamnati, a nemi izinin hukumar da ke kula da shi.

2. Izinin mai unguwa ba ya ɗauke izinin mai gona. Kowace gona da mai ita. A yi sallama, a jira amsa. In an ce a'a, a haƙura a juya ba tare da musu ba, komai ƙarancin tsuntsun da ke ciki.

3. A ɗauki ɗan gari ya yi jagora. Hausawa sun ce baƙo ko yana da ido makaho ne. Ɗan gari ya san maƙabarta, ya san kurmin da masu gargajiya suka hana shiga, ya san mashayar mata da lokacin da suke zuwa. A yi cinikin ladansa tun farko a gaban shaida.

4. Kada a juya madubi ko kyamara wajen gida, makewayi, mashaya ko makaranta. Idan tsuntsun ya sauka cikin gida, a sauke madubi a jira ya fito, ko a aika jagora ya nemi izinin mai gida. In an yarda, wanda aka amince wa kaɗai zai shiga, kuma ya tsaya inda aka nuna masa. Mace cikin baƙin ta fi sauƙin samun izinin shiga, amma ita ma ba ta da ikon ɗaukar hoton matan gida sai sun yarda.

5. Kada a ɗauki hoton mutum sai da yardarsa, yaro kuwa sai da yardar iyayensa. Yarda a ɗauka daban, yarda a sa a intanet daban. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu, a 2023 kuma an kafa dokar kare bayanan jama'a. Jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama yana buƙatar izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, kuma bai dace a tashe shi bisa gidajen mutane ba ko da akwai izinin.

6. A bi hanya da iyakar gona. Kada a ratsa shuka, kada a taka bakin fangali ko magudanar ruwa, kada a tsinki ko tumatir ɗaya. Ƙyauren da aka buɗe a rufe shi. A ajiye mota inda mai unguwa ya nuna, ba a burtali ko bakin rijiya ba.

7. A girmama masu sana'a. Kada a taɓa raga ko komar masunta, kada a ratsa tsakiyar garke. Yaran da ke korar jan baki a gonar shinkafa ko gero abincin gidansu suke tsaro, baƙo ba shi da hurumin hana su domin ya sami hoto.

8. A kiyaye lokaci. Tsuntsaye sun fi fitowa da sassafe da yamma, amma ba a yawo kusa da gidaje kafin gari ya waye ko bayan magariba. Masu neman mujiya da dare da tocila su sanar da masu gari tun da rana, su tafi da jagora.

Haƙƙin shi kansa tsuntsun

Ladabi bai tsaya kan mutane kaɗai ba. Tsuntsun da zai koma Turai yana da tafiyar fiye da kilomita 1,500 bisa hamada, inda ba ruwa ba abinci. Kafin ya tashi sai ya tara kitse, wasu ƙanana har nauyinsu yakan kusan ninkawa. Duk lokacin da aka firgita garken tsuntsaye suka tashi, guzurin tafiyarsu suke ƙonawa. Saboda haka ba a jifa ko tafi ko kora da kwale-kwale domin a ga tashinsu. In tsuntsu ya daina kiwo ya miƙe wuya yana dubanka, ka matso da yawa, sai ka ja baya.

Haka nan ba a kusantar sheƙa, ba a karya reshen da ya rufe ta domin hoto ya fito. Uwar da aka kora daga kan ƙwai ta bar shi ga zafin rana da hankaka. Wasu kuma sukan kunna kukan tsuntsu a waya domin ya fito. Shi tsuntsun yakan ɗauka abokin gaba ne ya shigo masa, ya bar kiwo da 'ya'ya ya fito faɗa. A taƙaita wannan, lokacin sheƙa kuma a bar shi ɗungurum, musamman ga tsuntsayen da suka yi ƙaranci.

Akwai sirrin da ya haɗa mai gona da tsuntsu, wato sirrin wuri. A 2015 an sanya ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cikin dalilan akwai cinikin sassan jikinta domin tsibbu. Aku mai jan wutsiya ma kamawa domin sayarwa ta rage shi ƙwarai, har a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Nijeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an kuma yi mata gyara a 2016. Wanda ya baza a intanet cewa ga sheƙar ungulu a kan kukar gidan wane, ya nuna wa 'yan kamu hanya, ya kuma jawo wa mai gidan baƙin da bai gayyata ba. A ba da cikakken bayanin wuri ga cibiyar bincike kawai, ga jama'a kuwa ambaton ƙaramar hukuma ya isa.

Rigakafin murar tsuntsaye

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai tsanani a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ta kuma sake dawowa a 2015 da 2021. Tsuntsayen ruwa na daji suna iya ɗaukar ƙwayar cutar, kuma kashinsu yakan manne a takalmi da tayar mota. Don haka, malam mai kiwo, kada ka bar wanda ya fito daga fadama ya shiga akurkin kajinka ko ya kusanci mazubin abinci da ruwansu. A kankare laka, a wanke takalma da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a shiga gari. Idan an ga tsuntsaye da yawa sun mutu a wuri ɗaya, kada kowa ya taɓa, kada a ci, kada a ba kare. A sanar da likitan dabbobi mafi kusa, shi zai aika samfuri a auna a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom.

Abin da ya kamata manomi ya yi

Gonarka taka ce, gidanka naka ne, kana da ikon cewa e ko a'a. Amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Idan ka ga baƙi, ka yi musu sallama ka tambaye su daga ina suke da wanda ya ba su izini. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya, zai nuna maka takarda, zai ma miƙa maka madubin ka duba da idonka.

In ba ka gamsu ba, ka kai su wurin mai unguwa ko ka kira malamin gona. Kada ka tara matasa, kada ka yi ihun ɓarawo, kada ka ƙwace kayan kowa. Ihu ɗaya yana iya jawo abin da gari duka zai yi nadamarsa.

In ka yarda su shiga, ka gindaya sharuɗɗanka a fili: mutum nawa, ta ina za su bi, ƙarfe nawa za su fita, ina ne ba a juya madubi. Ka sanar da iyalinka cewa akwai baƙi a kusa domin su kintsa. In ka yi zaton an ɗauki hoton gidanka, ka nemi a nuna maka a kuma goge a gabanka. In an yi maka ɓarna, a kira mai unguwa da malamin gona su kimanta a biya ka, kamar yadda ake yi idan dabba ta shiga gona.

Ka hana yara kama tsuntsu ko ɗebo ƙwai domin su sayar wa baƙi. Tsuntsun da aka sayar sau ɗaya ake cin kuɗinsa. Wanda aka bari a kan itacensa kuwa, yana iya sa a riƙa zuwa kowace shekara, ɗan jagora ya samu, mai kwale-kwale ya samu, mai abinci ta samu.

Idan ka tsinci mataccen tsuntsu guda da zoben ƙarfe a ƙafa, kada ka tsorata, ba asiri ba ne. Masu bincike ne suka sa domin su san hanyar da yake bi. Ka sa leda a hannu, ka kwafi lamba da rubutun da ke jiki, da rana da wurin da ka same shi, ka ba malamin gona, sa'an nan ka wanke hannu da sabulu.

Aikin malamin gona

Kada ka jira sai baƙi sun iso. A taron ƙungiyar manoma na kaka, kafin tsuntsayen hunturu su cika fadama, ka kawo wannan magana. Ku zauna da mai unguwa da sarkin noma da sarkin ruwa da arɗo, tare da wakiliyar mata, ku tsayar da ƙa'idojin gari: wurin ajiye mota, hanyoyin da aka yarda a bi, wuraren da aka hana, da yadda za a raba abin da aka samu. Ra'ayin mata yana da muhimmanci a nan, domin su abin ya fi shafa, kuma su suka san lokutan da suke zuwa rafi.

Ku zaɓi matasa biyu ko uku masu natsuwa da sanin daji su zama 'yan jagora. Ka buɗe littafi da za a riƙa rubuta sunan kowane baƙo, inda ya fito, lambar motarsa da ranar zuwansa. Ka kuma roƙi baƙin su bar wa gari jerin tsuntsayen da suka gani, da sunayensu na gida in an sani. Dattawanmu sun san lokacin zuwan shamuwa da abin da yake nufi ga damina tun kafin a zo da madubi, kuma mai bincike na gari yakan zauna ya saurare su. In hali ya yi, a kai baƙin makarantar gari su nuna wa yara tsuntsaye. Ana bikin ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya a Asabar ta biyu ta watan Mayu da ta Oktoba, lokaci ne mai kyau na irin wannan ziyara.

Kammalawa

Tsuntsayen da ake tasowa daga nesa domin a gani sun wanzu ne saboda wani manomi ya bar kuka ko tsamiya a gonarsa, wani gari kuma ya hana sare kurminsa. Wanda ya zo kallo ya ci albarkacin waɗannan mutane, don haka ya shigo da sallama, ya kiyaye idonsa, ya fita bai bar ɓarna ba. Kai kuma manomi, ka tambaya kafin ka yi zargi, ka faɗi sharaɗinka kafin ka buɗe ƙofa. Don ƙarin bayani sai a tuntuɓi malamin gona na yankinku ko ofishin kula da gandun daji na ƙaramar hukumarku.